Malam Alhassan Ɗantala da Labarin Mahaƙan Wata

Ranar Talata, tara ga Satumba, 2025, ina tsaye a kasuwar Tibiri aka gaya mini Allah Ya karɓi ran Malam Alhassan Ɗantala a Dogon Dutsi, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam, mutane da yawa sun san ka malamin kimiyya ne a lakwal, wato makarantar boko, ni ma a ajinka na zauna. Waɗanda ba su yi boko ba kuma sun san muryarka ta rediyo, inda kake karanta ƙagaggun labaran kimiyya da ka rubuta da Hausa: jiragen da ke ratsa taurari, garuruwan da aka gina a duniyar wata. Wasu sun yi maka dariya, suna cewa dattijo ya koma tatsuniya. Kai kuwa sai ka ce, "Na kai mutanena nesa ne don mai sauraro ya iya kallon ciwonsa ba tare da kunya ba."

Ban gane maganar ba sai da abin ya faɗo gidanmu. Yayana Buba mahaƙin rijiya ne. Rijiya ta rufta da shi da abokinsa Adamu a wani ƙauye wajen Dogon Kiriya. An ciro Buba da rai, Adamu ya rasu a gefensa. Jikin Buba ya warke, amma ya daina shiga ɗaki, ko ana ruwa. Idan aka kife ƙwarya a gabansa sai ya hau makyarkyata. Wasu suka ce doguwa, aljanar rijiyar, ce ta taɓa shi, wasu suka zo da ruƙiya.

Na kai maka kukana. Ba ka yi mini alkawari ba, tambayoyi kawai ka yi. Bayan 'yan makonni ka karanta a rediyo labarin Bilal, mai haƙar ruwa a ƙarƙashin ƙasar wata, wanda rami ya rufta da shi da abokinsa, abokin ya mutu. Na'urorin likitocin zamaninsa suka ɗinke masa ƙasusuwa nan take, amma ya kasa zama ƙarƙashin rufi. Likitocin suka ce za su goge masa abin daga ƙwaƙwalwa. Ya ƙi, domin maganar ƙarshe da abokinsa ya yi tana wurinsa shi kaɗai. Ba ka mai da shi mahaukaci ba, ba ka kuma warkar da shi da ƙarya ba. Ka bar shi da tsoronsa, yana tafiya neman uwar mamacin.

Buba yana zaune a gindin itacen bedi yana ji. Da aka gama ya juyo gare ni.

"Basira, wa ya gaya mishi Adamu ya bar min saƙo?"

Babu wanda ya gaya maka, mu ma ba mu sani ba. Washegari Buba ya hau amalanke ya tafi wurin mahaifiyar Adamu, ya isar mata da abin da ɗanta ya ce. Da ka ji, ka zo har gida, ka zauna tare da shi a tabarma kuna hirar gero. Bai sake shiga rijiya ba, noma yake yi. Yanzu yana kwana a ɗaki, ƙofa a buɗe. Ranar jana'izarka yana cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya yalwata maka kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna Afra'u da 'ya'yanku da dukan ɗalibanka na Arewa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Basira, ɗalibarka, Tibiri