Kebul Mai Bakin Zinare

Muryar Inna guda ɗaya ta rage mana, a kaset ɗin da ta yi wa Yaya lokacin da yake ɗinki a Makka. Haka ake yi a unguwarmu, Mandawari: wanda bai iya rubutu ba sai ya yi magana a rikoda, a ba maniyyaci ya kai. Ni na riƙe mata rikodar a tsakar gida, ina saurayi, ina ta sauri don abokai na jirana a waje.

Bayan rasuwarta Yaya ya dawo da kaset ɗin, na sa aka juye shi a kwamfuta. A ciki Inna ta gai da Yaya, ta ba shi labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu. Can wajen ƙarshe sai ta sassauta murya ta ce, "Shi kuwa ƙanen nan naka, abin da nake so ka sani..." Nan muryata ta danne tata: "Inna, ki taƙaita mana, batir zai mutu." Ana jin tana magana a ƙarƙashi, kalma huɗu ko biyar. Daga nan ta ce, "To."

Yabo ne ko ƙorafi? Yaya ya ce shi ma bai taɓa ji ba.

Wani ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai ya rantse min cewa kebul ɗin da ya zo da shi daga Dubai, mai bakin ruwan zinare, yana fito da duk abin da ya ɓuya a sauti. Ni da nake yi wa mutane dariyar sayen maganin gargajiya a bakin titi, ko tayi ban yi ba na saya. Na haɗa kwamfuta da sifika, wallahi sai na ji kamar Inna ta matso kusa.

Na kai wa tsohon mai gyaran rediyo na bakin layinmu don ya taya ni ji. Ya ce in juya baya. Ya dinga sauya kebul ɗin da wani tsohon nasa mai ɗaurin salatif, yana tambaya wanne ya fi. Sau uku ina zaɓar nasa. Raina ya ɓaci, na ce wasa yake min da hankali.

"Alhaji," ya ce, "sautin kwamfuta lambobi ne. Ko su iso ko kada su iso. Kebul ba ya ƙara abin da rikoda ba ta ɗauka ba." Ya sake saurara, ido a rufe. "Wanda ya riƙe rikodar, bakinsa ya fi kusa da ita."

Ban gaya masa ko wane ne ba.

Kebul ɗin yana nan a jone har yau, na kasa cire shi. Duk Juma'a in na dawo daga masallaci sai na kunna, in kasa kunne daidai wurin. Ina jin tsoron wurin nan, kuma ina jin haushin yaron nan mai riƙe da rikodar. Kullum sai na ce masa ya yi shiru, kullum sai ya katse ta.