Aranka da Farkawar Geza

Duk ƙauyen nan na gaɓar kogin Mura an san Aranka da abu biyu, ɗinki da ƙyama. Tun tana yarinya ba ta shan ruwa a kofin da wani ya kafa wa baki, ko da kuwa uwar da ta haife ta ce. A masana'antar ɗinkin da ta yi wa aiki har aka rufe ta, ƙawayenta kan tsokane ta cewa ko inuwarta sai ta wanke kafin ta shiga gida da ita. Irin wannan mace ce Allah ya haɗa da Geza.

Rawa ce ta ja mata. A wani bikin girbin inabi ta gan shi, dogo mai gashin baki, yana juya 'yan mata kamar mazari. Sai da aka yi aure ta ga sauran halinsa. Geza bakaniken motocin noma ne, hannunsa na da albarka, amma bakinsa masai ne. Yakan shigo da takalmin gareji har ɗakin kwana, ya kaki majina ya tofa a inda take wanke kwanuka, ya goge baƙin mai a labulen da ta ɗinka. Duka bai cika yi ba, sai can a ƙuruciya. Zagi ne abincinsa. Ko a gaban baƙi ba ta da wani suna sai "ke, saniyar nan". 'Ya ɗaya suka haifa, Metka, wadda tana girma ta tsallaka Ostiriya ta kama aikin otal, ba ta zuwa sai da Kirsimeti.

Da tsufa ya zo wa Geza bai zo shi kaɗai ba. Ciwon sukari ya fara sallama, hawan jini ya biyo shi, sai ciwon baya, sai yawan fitsari, sai rashin barci. Kowane ciwo da likitansa, kowane likita kuma da ƙwayarsa. Aka kwantar da shi a babban asibiti, ya fito da sababbin kwalaye, ba wanda ya ce a daina na da. Aranka dai abin da aka rubuta shi take bayarwa, safe da rana da yamma, ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Sannu a hankali Geza ya yi laushi. Ya daina zuwa mashaya, ya daina magana mai tsawo. Wuni yake a kujera gaban talabijin, kai a langaɓe, miyau na zuba a ƙirjin rigarsa. Yakan faɗi a hanyar banɗaki, yakan jiƙa wando. Aranka ta ɗaura ƙyalle a hanci ta wanke, ta shanya, ta sake wankewa. Wari ya kama gidan da a da ko ƙuda ba ya kwana a ciki. Amma akwai abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Shekarun nan su ne farkon zaman lafiyarta a gidan. Tana shan kofinta a tsakar gida ba mai ce mata saniya. Matan coci kuwa sai yabonta suke, suna cewa Aranka waliyiya ce.

Bayan wata faɗuwa da ta fasa wa Geza goshi, likitar gidansu ta ce akwai masaniyar magunguna da ke zuwa ƙaramin asibitinsu sau ɗaya a mako, aikinta duba magungunan masu ciwon da ba ya warkewa, kuma inshorar lafiya ce ke ɗaukar nauyin. Ta ce su kwaso duk wani magani da ke gidan, har da na cikin aljihun kwat.

Aranka ta cika jakar cefane biyu. Maƙwabci ya kai su a mota, ta turo Geza a keken marasa lafiya.

Masaniyar, Polona, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar Metka ba. Ta zazzage jakunkunan a tebur, kwalaye suka yi tsibi, wasu sun yi maiƙo da man 'ya'yan kabewa don a ɗakin girki suke zama. Aranka ta ji kunyar maiƙon nan kamar ta nutse.

"Mama, wannan farin da wannan shuɗin, duka kina ba shi?"

"Duka. Farin na likitarmu ne, shuɗin na babban asibiti."

"Ai magani ɗaya ne, suna ne kawai daban. Na hawan jini ne yake sha ninki biyu. Shi ya sa jiri ke kayar da shi. Wannan kuma fa?"

"Na jirin ne."

Polona ta dafe kai, ta yi murmushin da ba na daɗi ba. Ta ci gaba da warewa, tana tambaya a hankali: yaushe ya fara gyangyaɗi, me yake ci, yana shan giya har yanzu? Ta tura kwalaye huɗu gefe guda. Na barci, na kwantar da hankali, na ciwon baya mai ƙarfi, da na fitsari. Ta ce kowanne shi kaɗai kan sa tsoho ya yi nauyi, balle an haɗa su.

"Mama, abin da kike gani ba tsufa ba ne kaɗai. Yawancinsa magani ne. Zan rubuta wa likita shawara, in ta yarda a janye wasu a hankali. Kada ki tsayar da komai da kanki, wasunsu ba a yanke su farat ɗaya."

Aranka ta dubi mijinta, yana barci baki buɗe.

"'Yata, in an janye, me zai faru?"

"Da ikon Allah zai dawo miki kamar da," Polona ta ce, fuskarta cike da fara'a.

Aranka ta kwashe jakunkunanta. Ta ce ta gode.

Likita ta yarda da shawarar. Aranka ta bi sabon tsarin kamar yadda ta bi tsohon, don ita ba ta iya aikin ha'inci ba, ko a bakin zani. Kafin a gama girbin kabewa Geza ya daina faɗuwa. Ya fara kai kansa banɗaki. Idanunsa suka washe, suka fara bin ta duk inda ta gifta. Wata rana da rana ta ajiye masa miyar dankali, ya kai cokali ɗaya baki, ya tofar a kan shimfiɗar tebur.

"Ke, saniyar nan, ruwan wankin ƙafarki kika dafa min?"

Wannan ce cikakkiyar maganarsa ta farko cikin shekaru. Aranka ta tsaya tana kallon tofin yana bin zaren furannin da ta saƙa da hannunta.

Metka ta bugo waya tana kukan murna. "Mama, Baba ya gane muryata! Har ya tambaye ni ko na yi ƙiba!" Matan coci suka ce abin al'ajabi ne. Geza ya nemi sandarsa ya koma mashaya. An hana shi barasa, amma ba a hana shi baki ba. Nan ya zauna yana ba mutane labari cewa matarsa ce ta yi shekaru tana ɗura masa ƙwayoyi don ta kashe shi ta gaji gonar inabi, Allah ya turo wata kyakkyawar yarinya ta tona mata asiri. Masu sauraro suka yi dariya, suka kai wa matansu, matan suka kai coci. Waɗanda suka kira ta waliyiya jiya, yau in ta shigo sai su rage murya.

Sharika ce ta kawo mata labarin. Maƙwabciyarta ce, mijinta ya rasu bara. Ta shigo ta ƙofar baya, ta zauna, ta zaro wani ƙulli daga aljihun rigar girkinta.

"Ƙawata, ni da ke ba ɓoye-ɓoye. Ragowar maganin marigayi ne, na barci. Ki daka rabi ki zuba a kofinsa. Wa zai sani?"

"Sharika, kina jin abin da kike faɗa kuwa?"

"Yo ni da me kike zato na samu lafiyar nawa mijin? Ke dai kin cika tsarki. Waccan yarinyar ta asibiti ba ita ke kwana da shi ba. Ta taso miki da kura ta koma gidanta."

Ta ajiye ƙullin ta fita. Hankici ne da ya sha jiki, ya yi dauɗa, ƙwayoyin ciki sun fara rawaya, har da gashi a manne. Aranka ta ɗauke shi da yatsa biyu. Abin da ya fi tayar mata da zuciya ba dauɗar ba ce. Ba ta jefa shi a shara ba, sai ta tsinci kanta tana cusa shi a bayan gwangwanin sukari. Kwanaki tana haɗa wa Geza kofi tana jin ƙullin nan kamar mushen ɓera a bango. Wata safiya ya kira ta da wani suna da ko a nan ba zai faɗu ba, hannunta ya kai har kan gwangwanin. Ta janye shi, ta je ta wanke hannun da ruwan zafi har ya yi ja.

Ranar komawa wurin Polona, Geza da ƙafarsa ya shiga, ya shafa turare, ya murɗe gashin baki.

"Ga amaryata! Ke kika tashe ni daga kabari. Da na rage shekara ashirin, da kin ga aiki."

Ya kai hannu zai shafa cinyarta. Polona ta ja kujera baya, fara'arta ta ɗauke.

"Baba, hannunka a kan tebur. Awon sukarinka ya yi kyau, jininka ma ya daidaita."

"Ai dole. Tunda kika hana wannan mayyar ba ni guba."

"Ba wanda ya ba ka guba. Abin da aka rubuta ta ba ka, kuma da ba ta kula da kai ba da ba ka kai yau ba. Tashi ka je ɗakin can a auna nauyinka."

Da ya fita, Aranka ta buɗe jaka ta ajiye ƙullin a tebur.

"An ce ku kuke zubar da irin waɗannan. Ba nawa ba ne, ba ni aka yi. Ban taɓa ko ɗaya ba."

Polona ta kwance, ta duba, ta gane ko mene ne. Sai ta tambayi Aranka:

"Haka mijinki yake a da?"

"Haka yake. Kin ce zai dawo kamar da, ai ba ki yi ƙarya ba."

"Mama, ki yafe ni, ban tambaye ki ba. Amma ko na sani, ba zan iya barinsa a wancan hali ba. Faɗuwa ɗaya nan gaba za ta iya kashe shi."

"Ni ma ban ce ki mayar da shi ba. Tambaya ɗaya gare ni. Yanzu zai iya shan maganinsa da kansa?"

Polona ta dube ta sosai. Ta ce magungunan sun ragu ƙwarai, kansa kuma garau yake. Akwai akwati mai gida-gida na kwanakin mako, in ya koyi cika shi ya wadatar. Za ta nemi likita ta sa ma'aikaciyar jinya ta riƙa leƙa shi, ita ma za ta riƙa kiransa a waya.

Aranka ta sayi akwatin. Ta zaunar da Geza ta koya masa, yana zagi tana maimaitawa, har sai da ta ga ya cika shi daidai ba kuskure mako bayan mako. Ta wanke gidan tun daga rufi har dandamali, ta goge rigunansa, ta cika firji. Sannan ta kira maƙwabcin nan mai mota, ya ɗora keken ɗinkinta da akwatin kayanta. Geza na tsaye a bakin ƙofa.

"Ina za ki, tsohuwar banza? Wa zai karɓi saniyar da ta daina nono?"

"Maganin rana kafin abinci ne, kada ka manta," ta ce, ta shiga mota.

Wurin ƙanwarta Gizela ta koma, a cikin gari, a wani ɗaki da ke saman shagon burodi. Metka ta yi fushi ta daina kiranta har tsawon hunturu guda. Da ta huce ta kira, cewa ta yi, "Mama, mutum ya samu sauƙi sannan ki tafi? Me mutane za su ce?" Aranka ta ce mutane sun riga sun faɗi nasu, kuma marar lafiya ne ba a bari, shi kuwa ubanta lafiyarsa lau.

A ƙauye har yau magana biyu ake yi. Wasu na cewa asirinta ne ya tonu ta gudu. Wasu, yawanci tsofaffin mata, ba sa cewa komai, sai dai su aiko mata da siket a rage ko wando a ƙara masa tsawo, alhali akwai tela kusa da su. Sharika kam ba ta sake gaishe ta ba.

Geza ya ƙara shekaru masu dama. Bai taɓa tsallake magani ba, wai don kada ya mutu matarsa ta ji daɗi. Ma'aikatan jinya suka yi ta musayarsa a tsakaninsu, har aka ƙare da turo masa wani ƙato mai suna Vendel, wanda in an zage shi sai ya rama. Gidan ya koma abin da ya koma, labulen suka yi baƙi, maƙwabta na cewa tun daga shinge ake jin warin. Ciwon huhu ne ya ɗauke shi a ƙarshe. Aranka ta je jana'iza da baƙaƙen kaya, ta tsaya kusa da 'yarta, ta karɓi gaisuwar kowa. Da aka ce a wuce gidan a ci abinci, sai ta ce motar gari na gab da tashi, kuma ta yi wa wata alkawarin rigar biki kafin Asabar.