Bilya da Bidiyon da Ba Murya

Ranar Laraba da hantsi tsoro ya fara kama Bilya, a shagonsa na bakin kasuwar Faskari. Ya sa memori a kwamfuta, fuskar yayansa Jabiru ta bayyana a gindin wata bishiya, bakinsa yana motsi, amma ko tari ba a ji.

Kwana goma sha tara ke nan da 'yan bindiga suka ɗauke Jabiru daga gonarsa a Mairuwa. Wani dattijo da suka sako ne ya kawo memorin, a ɓoye cikin naɗin hularsa.

Bilya ba baƙon wannan aiki ba ne. Shekara bakwai yana tura wa mutane karatu da wa'azi da fina-finai a waya, tun da ciwon ƙirji ya raba shi da noma. Ba shi da yawan magana, bai yi aure ba, abokan hirarsa su ne masu jiran a cika musu memori. Ya duba lasifika, ya kunna wani karatu, murya ta fito tangaram. Ya koma kan bidiyon, manhajar da ke kunna shi ta rubuto cewa ba ta gane nau'in sautin ba. Ya gwada a wayarsa, ta ƙi buɗewa.

Ya san maganin. Akwai wata manhaja mai kunna kowane irin sauti, a da tana cikin kwamfutar. Shi da hannunsa ya goge ta da sauran tarkace, makon da aka rufe layukan waya a yankin, don ya samu wurin zuba fina-finai, tunda rashin sabis ya sa kasuwarsu ta buɗe. Sauko da ita aikin minti biyar ne, amma daga Sabuwa har Ƙanƙara babu sabis.

Bai kai wa kowa ya gwada ba. A lokacin ba ka san wanda ke kai wa daji labari ba. Ya tura ƙofar shago, ya kalli bidiyon ya fi sau talatin, yana bin leɓɓan yayansa. Sau biyu ya ga kamar ya ce "Inna". Sau ɗaya Jabiru ya ɗaga yatsu huɗu. Kwana huɗu? Mutum huɗu?

Da ya koma gida, mahaifiyarsu tana tankaɗe.

"Mi ya ce?"

"Yana da rai, Inna. Na gan shi."

"Na ce mi ya ce, Bilya? Kai da ke sa ƙarfe magana, ta ɗan'uwanka ce ta gagare ka?"

Bai gaya mata abin da ya goge ba.

Da safe ya kwafi bidiyon a wani memori, ya kai wa Baba Ɗanhausa, direban da ke zuwa Zariya inda akwai sabis, da takarda zuwa ga abokinsa Abdulkarim da ke can: ya saurara, ya rubuto kalma da kalma, ya haɗo da manhajar.

"Wannan ɗan abin ne saƙon?" in ji direban. "Ai ko ƙwayar gero ta fi shi nauyi."

"Baba, don Allah hannu da hannu."

Direban ya dube shi, ya daina dariya, ya sa a aljihun ƙirji.

Bilya yana buɗe shago kullum, amma kunnensa na tasha. Yau kwana uku ke nan. Motar Baba Ɗanhausa ba ta dawo ba, kuma har yanzu ba wanda ya san abin da Jabiru ya faɗa.