Kwat ɗin Ƙarshen Duniya da Baba Ya Ɗinka

Babanmu tela ne, kuma duk layinmu ba mai kiransa da wani suna sai Tsaf-tsaf. Idan kuna gaisawa, idonsa ba ya kan fuskarka, yana kan maɓallin rigarka. Ya taɓa tsare wani baƙo da ya shigo shago tambayar hanya, ya sa shi ya tuɓe riga, ya gyara masa kalmasar hannu, sannan ya gaya masa shi ma bai san hanyar ba. Mama ta ce ranar da suka fara haɗuwa, kafin ya gaishe ta sai da ya cire mata zare a kafaɗa.

Halin nan yana da tushe. Baba shi ne ƙarami a cikin maza da yawa, don haka duk wandon da ya iso gare shi ya riga ya sha wuya a jikin yayyensa. Wata rana a firamare malami ya kira shi gaban allo, ya sunkuya zai ɗauki alli, wandon ya dare ta baya, aji ya kwashe da dariya. Daga ranar ya kama allura, ya kuma rantse cewa ɗan da zai haifa ba zai taɓa fita da yagaggen kaya ba. Ya cika alkawari har ya wuce gona da iri, domin mu ne yaran da ake goge wa safa.

Sai Allah ya ba shi ni, auta, mai mutuwar son katun ɗin Japanawa da ake kira anime. Kuma ba masu ban dariya nake so ba. Wanda ya fi kama ni labarin duniya ne bayan ta ƙone ƙurmus: birane sun zama toka, ruwan sama baƙi ne, wata yarinya tana yawo ita kaɗai cikin dogon kwat duk yaga da ƙuna, duk wanda ta haɗu da shi sai ya mutu, ita kuma tana ta cewa rayuwa ba ta da ma'ana. Da na ji masu son anime za su yi gasar shigar jarumai, har tsalle na yi a kan gado. Na ruga shago, na miƙa wa Baba hotonta a waya, na ce irin kwat ɗin nan nake so.

Ya gyara tabarau. "Wa ya yi mata wannan aika-aika?"

"Baba, duniya ce ta ƙare."

"Ba ta da dangi ne?"

"Duk sun mutu."

"Allah ya ji ƙansu. Miƙo tef in auna ki."

Da ya gama ɗinki ya kira ni, yana ta washe baki. Kwat ne na gani na faɗa, an goge shi har yana sheƙi. Duk inda hoton ya nuna yaga, Baba ya rufe. Hannun da ya ƙone, ya mayar da shi sabo. Har aljihun biro ya ƙara mini.

"Baba, wannan ai na zuwa neman aiki a banki ne!"

"Na taimake ta ne, Auta. Haka kwat ɗin yake kafin masifa ta same shi."

Dariya ta kama ni har na zauna a ƙasa, daga nan kuma ta rikiɗe ta zama kuka, don gasar ta matso kuma na ƙwallafa rai a kanta. Na ce sai an yaga. Ya ce shi dai da hannunsa ba zai tura 'yarsa titi cikin tsumma ba, mutane su ce 'yar Tsaf-tsaf ce. Mama ce ta raba gardama, ta ce ya kalli abin tukuna.

Muka jingina waya a jikin keken ɗinki. Tun kashi na farko Baba ya fara faɗa da yarinyar. "Ga ƙyallen tanti nan a gefenki, ga siririyar waya, kin zauna kina cewa rayuwa ba ta da ma'ana! Tashi ki yi faci!" Masu karɓar ɗinki suka zo, ya ce su zauna, yanzu za a kashe wani. Mai askin da ke kusa da mu ya leƙo da almakashi a hannu, bai koma ba sai da wanda ya bari da rabin kai ya biyo shi. Can sai Baba ya tsayar da hoton, ya matso da fuska.

"Kwat ɗin nan ba nata ba ne. Dubi kafaɗa, ya yi mata yawa. Gadonsa ta yi."

Na ce na yayanta ne da ya rasu. Baba bai ƙara yi mata faɗa ba har muka gama kallo.

Ranar gasa da safe ya shimfiɗa kwat ɗin a tebur, ya ɗauki almakashi. Ya rufe ido ya yanka. Ya buɗe ido, ya ja yankan da hannu, yadin ya yi ƙara ƙyaaat! Sai na ji Baba ya yi wata 'yar dariya da ban taɓa jin irinta ba. Ya sake ja. Ya ɗora dutsen guga a hannun kwat ɗin ya bar shi har hayaƙi ya tashi, yana tafi yana cewa, "Ashe haka ƙuna take da daɗi!" Ya kwara masa sauran shayinsa, ya ɗaure shi a bayan keken mai aski ya zagaya layi yana jansa a ƙasa, gemu yana kaɗawa. Mama ta fito da salati, ta ɗauka mijinta ya zare.

Na saka kwat ɗin. Zare yana reto ta ko'ina, Baba kuwa ya haɗa hannuwansa biyu a baya ya riƙe gam. Ya raka ni har tashar bas, mutane suna juyowa suna kallona. Wata mata ta ce, "Kai, wannan ba 'yar tela ba ce?" Na ji tausayinsa ya kama ni. Shi kuwa ya ɗaga kai ya ce, "'Yata ce. Ni na ɗinka."

Ban ci gasar ba, wani da ya shiga cikin kwalin firji ne ya ci, kuma ko a jikina. A bas ɗin dawowa na cusa hannu cikin kwat ɗin, sai na ji shafin ciki lafiyarsa ƙalau, ko zare ɗaya bai motsa ba. A daidai ƙirji akwai wani ɗan aljihu da ban san da shi ba, a ciki an soke allura a ƙyalle, an riga an zura mata zare.

Na isa gida na nuna masa. Ya ci gaba da taka kekensa, bai ko ɗago ba.

"Ba taki ba ce," in ji shi. "Ta yarinyar ce. Tunda ba ta da kowa."