Asabar ɗin da Mele ya raba dabinonsa

Akwai wata Asabar ta watan Nuwamba da har yau ba ta fita raina ba, shekara biyu bayan an hana hawan moto, wato babur, a jihar Diffa. Lokacin ni malamin wasannin motsa jiki ne a sakandare, an ɗauko ni aro zuwa ofishin wasanni, ina aiki ƙarƙashin darakta.

Takarda ce ta zo daga Yamai cewa za a yi gasar gwaji ta wasa uku a jere: iyo kusan kilomita biyu, keke kilomita casa'in, sannan gudu kilomita ashirin da ɗaya, babu hutu a tsakani. Ana son mutum ɗaya daga kowace jiha. Darakta ya miƙo mini ita yana dariya, ya ce in nemo wanda zai iya.

Na samo Mele. Masunci ne, ɗan ƙabilar Buduma, shekarunsa kusan talatin. Rikici ya koro su daga tsibiran tafkin Cadi, danginsa suka zauna a Gagamari, shi kuma yana dako a kasuwar Diffa. Iyo kam da shi ya tashi, gudu ma ba laifi. Keken ne matsala. Ranar gwajin farko ya yi kilomita arba'in, ya sauko zai yi gudu, ƙafafu suka ƙi, ya zauna a ƙasa yana yi wa kansa dariya.

Shiga kogin Komadugu a lokacin an hana, don shi ne iyakar ƙasa. Sai na kwashe awannin iyo na zuba su kan keke. Kowace Asabar doguwar tafiya a kan kwalta, yamma da gari, kowane mako a ƙara kilomita goma. Amfanin haka shi ne jiki ya saba da aikin awa shida ko bakwai ba tare da gwiwa ta sha dukan da gudu ke yi mata ba. Sharaɗin guda ne: duk rabin awa a ci dabino uku, a kurɓi ruwa mai sukari da ɗan gishiri, ko ana jin yunwa ko ba a ji.

Fita gari sai da takardar izini. Darakta ya sa hannu, jami'an tsaro suka buga hatimi, da sunanmu mu biyu. Ajidan ɗin da ke bariyar shiga gari, wato babban sojan wurin, ya gaya mini ƙarara cewa ranar da muka wuce ƙarfe biyar na yamma ba mu dawo ba, takardar ta mutu. Ni da shekara hamsin da ɗoriya ba zan iya bin Mele har ƙarshe ba. Nakan raka shi zuwa Gagamari, in zauna a rumfar Ya Falmata, ƙanwar mahaifiyarsa mai sayar da fura, in jira shi.

Asabar ɗin da nake ba ku labari ita ce mafi tsawo: zuwa Maine-Soroa da dawowa, kusan kilomita ɗari da hamsin. Na sa ran ganinsa a Gagamari ƙarfe biyu. Biyu ta wuce, uku ta yi. Ya Falmata ta bar dama fura ta fito bakin hanya tana kare rana da hannu. A shekarun nan jinkiri ba ƙaramin abu ba ne.

Uku da kwata sai ga shi yana tangaɗi a kan keken, leɓɓansa sun bushe fari fat. Na duba jakarsa, babu dabino, gora ɗaya ma ta ɓace. Na tambaye shi. Ya ce tun da safe ya tarar da wasu mutane da jaki da yara a gefen hanya, sun baro ƙauyensu na bakin kogi, sai ya juye musu.

“Mushe,” in ji shi, haka ake kiran malami a wajenmu, “yaya zan ci suna kallona? Mu ma haka muka zo.”

Na fasa faɗan da na shirya yi masa. Ya Falmata ba ta jira ra'ayina ba, ta dama masa fura da nono ƙwarya guda, ta tsaya a kansa har ya shanye, tana yi masa tsiya da Barbarci. Lokacin da ƙarfi ya fara dawo masa, huɗu saura ashirin ta yi, ga iska tana busowa daga gabas, daidai inda za mu.

Na ce ya bi bayana in tare masa iska. Masu shayi da ke kusa suka ji, biyar daga cikinsu suka jawo kekunansu, har da wani dattijo mai gyaran rediyo da kekensa ba birki. Muka jera, na gaba ya ja na ɗan lokaci, in ya gaji ya koma baya, Mele a tsakiya. Ba wanda ya koya musu, da kansu suka gane. Wani ya ɗauko waƙa, sauran suna amsawa suna haki.

Biyar saura bakwai muka iso bariya. Ajidan ya dubi agogo, ya dubi takarda, ya ƙirga mu.

“Mushe, mutum biyu aka rubuta mini. Waɗannan biyar ɗin haihuwa kuka yi a hanya?”

Na yi masa bayani. Ya karɓi katin shaidar kowa ya duba yadda doka ta ce, sannan ya sa aka ɗaga ƙarfen. Baƙinmu a gidana suka kwana, matata ta dafa shinkafa da wake.

Daga ranar, jaka biyu nake ɗaura wa Mele: ɗaya ta bayarwa, ɗaya tasa, kuma ya yi mini alkawari ba zai taɓa ta biyun don kowa ba. A Yamai bai zo na ɗaya ba, amma ya gama duka ukun da ƙafarsa, ya kira ni yana cewa keken ne ya fi masa sauƙi.

Abin da nake so ku masu horarwa ku riƙe shi ne, ni na san kilomita, na san awa, na san dabino nawa jiki ke buƙata, amma ban san mutumin da na ɗora a kan keken ba sai ranar nan. Kafin ku rubuta wa ɗan wasa tsarin horo, ku je inda yake kwana, ku zauna da mutanensa, ku ji abin da ba zai iya wucewa ya bari ba. In kun tsara da wannan a ciki, ba za ku yi ta faɗa da halinsa ba, kuma ranar da ya gaza, mutanen nan ne za su kawo muku shi gida.