Hussaina Mai Murjani da Tsamin Teku

Duk wanda ya taɓa ratsa layin 'yan atamfa a Kasuwar Kilomita Biyar ta Bangui ya san Hussaina mai murjani, don dariyarta ake fara ji kafin a hango rumfarta. A unguwar Kokoro aka haife ta, uba Bakatsine da fatauci ya kawo, uwa 'yar Bangui, shi ya sa take ciniki da yaren Sango, in faɗa ya tashi ta koma Hausa. Yawancin duwatsun wuyan da take sayarwa roba ce da gilashi da ake ɗorowa mota daga Kamaru. Murjanin gaske, ja jawur, yana cikin kwalla sai amaren gata sun zo. Nata na wuya kuwa gadon kakarta ne, ko wanka ba ta cire shi, balle salla.

Ita da ko kwalekwalen kogin Ubangi ba ta yarda ta shiga ba, sai ga 'yarta Ulfa ta sami gurbin karatu a Tunisiya, ta zaɓi ilimin teku. Hussaina ta cika kasuwa da cewa 'yarta na karatun kifi.

Da Ulfa ta zo hutu, tana zaune a rumfa tana taya uwar zura zare, sai ta shiga ba ta labarin aikinsu. Ta ce murjani suke reno a akwatunan gilashi, irin na Bahar Rum, wanda ruwansa ba ya zafi kamar na tekunan ƙasashenmu. Hayaƙin motoci da masana'antu, in ji ta, teku ke shanyewa, ruwan yana ƙara tsami kaɗan-kaɗan. Shi murjani dama ba shi da saurin girma, reshen da bai fi kaurin yatsa ba sai ya girmi mai sayensa. To wanda suka sa a ruwa mai tsami, girman ya ƙara ja baya, ƙashinsa ba ya ginuwa da kyau, abinci ma ya rage ci.

Hussaina ta ajiye allura. "Tsaya. Dutsen ne ke cin abinci?"

Ulfa ta yi dariya ta ce ai dabbobi ne, 'yan mitsi-mitsi masu baki da fararen hannuwa, abin da ake ratayawa ƙashinsu ne.

"To wa ke yanka su?"

"Mama, ba a yankawa."

Wai, sai ga Hussaina tsaye. Mushe! Shekara da shekaru tana fuskantar alƙibla da mushe a wuya, ga amaren da ta rataya wa daga Kokoro har ƙetaren kogi. Sallolin nan wa zai iya rama su? Da gefen mayafi ta ciro abin wuyan, ta ƙulle a leda, ta rufe rumfa da rana tsaka, abin da ko ranar da take naƙudar Ulfa ba ta yi ba sai da ta sallami mai ciniki.

Su biyu suka ɗare bayan mai moto ɗaya, wato babur ɗin haya. Titin Koudoukou ya cushe, Hussaina na riƙe da ledar nesa da jiki tana istigfari da ƙarfi, Ulfa a baya dariya ta hana ta numfashi, mai moton kuwa ya ɗauka rasuwa aka yi, sai ƙara wuta yake yana ba su haƙuri.

Sun tarar da Malam Abdurra'uf, limamin masallacin unguwa, yana cin tuwon rogo a zaure. Hussaina ta zube, ta zayyana masa komai ba ko shaƙar iska. Malam ya wanke hannu, ya tambayi Ulfa ko abin nan a ruwa yake rayuwa, a ruwa yake mutuwa. Ta ce ƙwarai.

"To Hajiya, mayar da kayanki wuya," in ji shi. "Mushen teku halal ne, tsarkakke. Sallarki na nan daram."

Sai da ta sa ya maimaita, sannan ta rangaɗa guɗar da ta tarwatsa kajin gidan. Ta rungume Ulfa, ta ɗaka mata duka a kafaɗa, ta sake rungume ta.

Har sun kai ƙofa ta juyo. Ta ce tunda abin mai rai ne, kuma ga shi tsami ya hana shi ci ya hana shi girma, ai majinyaci ne, a sa shi a addu'a. Malam ya sosa ƙeya ya ce bai taɓa yi wa teku addu'a ba, amma bai ga inda aka hana ba.

Bayan la'asar, da ya gama roƙa wa marasa lafiya da matafiyan hanyar Kamaru, ya ƙara da cewa Allah ya sassauta wa teku tsaminta, ya raya abin da ke cikinta. Maza suka ɗan kalli juna, suka shafa. Daga bayan labule kuwa amin ɗin Hussaina ya danne na kowa, tana zaune kan darduma, jan murjaninta a wuya.