Katunan Yunus da Wayar Ƙarfe Huɗu

Shekara goma sha ɗaya rabona da gida, na ɗauka babu sauran labarin da zai kashe min gwiwa. Da safen nan ina buɗe shagon littattafan da nake aiki a unguwar Darrasa ta Alkahira, asibiti suka kira: Yunus ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da yawanku kun san shi a hotunana, dogon Baturen nan mai jan gemu da yake cin tuwo da cokali. Mutumin Lituweniya ne. Jonas iyayensa suka sa masa, ya musulunta ya koma Yunus, ya zo Alkahira karatu shekara bakwai da suka wuce. Ƙofar ɗakinsa tana kallon tawa.

Lokacin da bayana ya riƙe na yi wata guda a kwance, 'yan garinmu biyu ne suka leƙo, sau ɗaya. Ban ga laifinsu sosai ba, kowa a nan da nasa kayan a ka. Amma Yunus ne ya riƙa zuwa shago yana ɗaukar kwalayen littattafai a madadina don kada a sallame ni. Da yamma ya kawo min wata miyar ƙasarsu, ruwan hoda, mai sanyi kamar daga firiji. Na ce masa a garinmu ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sha wannan. Ya ce to in yi shawarar, yana jira.

Na shanye.

Mahaifiyarsa ta yi shekara biyar ba ta yi masa magana saboda musuluntar da ya yi. Shekara biyu da suka wuce ta sauko, har ta ce za ta zo ta ga inda yake zaune. Tsohuwa ce, ba Larabci, ba Turanci, ga hawan jini. Shi ne Yunus ya fara yanka tsofaffin kwalayen shagonmu yana yin katuna. A gaba kalmar Turanci, a baya ma'anarta da yarensu. Ya ɗauki hoto ya tura mata, ita kuma ta kwafa a nata katunan.

Turancinsa na littafi ne, don haka ni ya mayar ƙamus. Zai ƙwanƙwasa ƙofa ina tsakar cin abinci ya ce, "Malam Sani, in an ce wa mutum how are you, da gaske ana son a ji yadda yake?" Na ce a'a, cewa ake I'm fine ko da gidanka na ci da wuta. Ya daɗe yana rubutu a bayan katin nan. Haka muka bi su hold on, never mind, help yourself, take care. Bai yarda da fassarar kalma ɗaya ba, sai ya rubuta mata wa ake gaya wa, da yaushe, da irin fuskar da ake yi.

Duk Lahadi da ƙarfe huɗu, in ta dawo coci ta huta, takan kira ta bidiyo ta gwada katunan a kaina. Teacher take ce min, ni da ban ƙarasa karatun da ya kawo ni ba. Ni kuma Mama nake ce mata. Shekara biyu kullum sai ta ce min nice to meet you. Ban taɓa gyara mata ba.

Jiya da la'asar ƙirji ya matsa masa, na kai shi asibiti a unguwar Abbasiya. Yana ta ba'a da ma'aikatan jinya. Ya miƙo min wayarsa da makullin ɗakinsa ya ce, "Gobe Lahadi. In ba su sallame ni ba, ka ɗauki wayarta, kada ta rasa darasi. Yalla, tafi, ba komai ba ne."

Na tafi.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama. Da na fito daga asibiti ɗazu, sai na yi abin da ake yi a gida. A wurinmu ba a jefa wa uwa labarin mutuwa ta waya, sai a ce jiki ya yi tsanani, a bar ta ta shirya zuciyarta har wani babba ya isa. Na rubuta mata cewa Jonas ba shi da lafiya sosai.

Minti goma ta amso. Don't worry. He is strong. Take care, teacher.

Ni na koya mata kowace kalma a ciki.

Na manta cewa a can babu wani babba da zai isa. Ita kaɗai take zaune. Ba ta san in mun ce jiki ya yi tsanani me muke nufi ba, ta ɗauka zazzaɓi ne. Ƙila yanzu tana can tana jera katunanta a tebur.

Kuma ni ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya yi wannan. Lokacin da Innata ta rasu, kwana tara yayana yana ce min jiki ya ɗan matsa. Ina ta zaga shagunan magani ina neman wanda zai tafi Kano in ba shi saƙo, ashe tana ƙasa. Shekara shida ina riƙe da shi a raina. Yau na gane ba mugunta ba ce, bakinsa ne ya kasa, kamar yadda nawa ya kasa.

An sanar da ofishin jakadancinsu, za su yi nasu aikin, amma ba na so ta fara ji daga bakin wanda bai taɓa ganin ɗanta ba. Kuma asibiti sun ce ba za a ba mu shi ba sai da yardar danginsa. Yunus ya sha gaya min a nan yake so a binne shi, a yi masa salla. Ba a rubuce yake ba. In ta ce a kai mata shi gida, ba ni da bakin cewa a'a. Ita ta haife shi, ni maƙwabci ne. Abin da nake tsoro shi ne in roƙe ta alfarma bayan na fara da ɓoye mata gaskiya.

Na zazzage katunan duka. Akwai na filin jirgi, na kasuwa, na gaisuwa, na yaba abinci. Babu na mutuwa. Na gwada fassarar waya, ta ba ni jimla, amma ba ni da hanyar sanin ko da taushi ta fito ko kamar sanarwar ofis.

Na ware guda uku da na san ta haddace. Please sit down. Are you alone? I am so sorry. Daga nan zan faɗa mata kai tsaye. Ba zan ƙara mata ko awa ɗaya a kan ƙaryata ba.

Don Allah in akwai wanda ya san mai jin yaren Lituweniya, a Alkahira ko a ko'ina, ya yi min magana kafin huɗu.

Ya Allah ka gafarta wa Yunus, ka karɓi baƙuncinsa, ka haskaka masa makwanci. Ka riƙe zuciyar tsohuwar nan, ka daidaita min harshe. Duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, ya sa ta, in da saura ya sa ni.

Mai gidan ya karɓe makulli da azahar, ya ce sai hukuma ta zo. Abin da na samu na fitar mata kafin ya rufe: tabarau ɗaya, rigar sanyi ɗaya da ta saƙa masa, Alƙur'aninsa, da katuna ɗari uku da goma sha biyu.